Polisemi da Homonimi a Harshen Ingilishi

A ilimin ma'anar kalmomi, polisemi na nufin kalma ɗaya da ta tara ma'anoni masu nasaba da juna. Homonimi kuwa kalmomi ne daban-daban da suka haɗu a lafazi ko a rubutu, alhali babu abin da ya haɗa ma'anarsu. Masanin harshe Bafaranshe, Michel Bréal, shi ya ƙirƙiro kalmar polisemi.

Kalmar "mouth" polisemi ce: tana nufin bakin mutum, da bakin kogo, da inda kogi ke shiga teku, kuma duk daga bakin mutum ma'anar ta yaɗu. Ita kuwa "bank" kalmomi biyu ne. Ta gaɓar kogi ta shigo daga harsunan Sikandinabiya, ta ajiyar kuɗi kuma daga Italiyanci "banca", teburin masu canjin kuɗi, ta hanyar Faransanci. Shi ya sa ƙamusoshin Ingilishi sukan ba kowacce gurbinta daban, su kuma jera ma'anonin "mouth" a gurbi ɗaya.

Ma'auni biyu ake bi wajen rarrabewa, wato asalin kalma da kuma nasabar da masu harshen ke ji tsakanin ma'anonin. Wahalar ita ce ma'aunan nan sukan saɓa. "Pupil" na nufin ɗalibi, kuma tana nufin baƙin tsakiyar ido. Mai jin Ingilishi a yau ba ya ganin alaƙa, amma tushensu ɗaya ne a Latin, daga kalmar ƙaramin yaro ko yarinya; an kira tsakiyar ido haka ne saboda ɗan ƙaramin hoton mutum da ke bayyana a cikinsa. Akasin haka ya faru da "ear". "Ear" ta kunne da "ear" ta zangarniyar hatsi kalmomi biyu ne masu tushe daban, sai lafazinsu ya haɗu, har mutane da yawa suka ɗauka zangarniyar kunnen tsiro ce.

Wani lokaci ma kalma ɗaya ce ke rabuwa gida biyu. "Flower", fure, da "flour", garin alkama, kalma ɗaya ce a da, domin ana ɗaukar gari a matsayin mafi kyawun abin da ke cikin hatsi. Ƙamusun Samuel Johnson na 1755 bai raba rubutunsu ba.

Masu ƙamus sun fi dogara ga asali, don yana da hujjar tarihi a rubuce, ko da yake yawancin masu magana ba su san tarihin kalmar da suke furtawa ba.