Mene ne ƙimar tsammani a lissafin yiwuwa?

Akwai adadin da ba a sanin yadda zai fito sai ya fito, kamar lambar da ɗan ludo zai nuna idan an jefa shi, ko yawan buhunan da gona za ta bayar bana. Ƙimar tsammani ita ce matsakaicin irin wannan adadi idan aka yi ta maimaita abin. Yadda ake fitar da ita ba wuya: a ninka kowane sakamako da yiwuwar faruwarsa, sannan a tara su duka.

Ɗan ludo fuska shida gare shi, kowace tana da damar fitowa ɗaya cikin shida. Ka tara 1 zuwa 6, ka sami 21, ka raba gida shida, sai ga 3.5. Ga inda ɗalibai ke rikicewa, domin babu fuskar da ke ɗauke da 3.5. Jifa ɗaya ba zai taɓa ba ka ita ba. Amma ka jefa sau dubu kana rubutawa, za ka ga matsakaicin yana ta matsowa kusa da ita. Masanin lissafi Jacob Bernoulli ne ya fara kafa hujjar wannan ƙa'ida, aka buga aikinsa a 1713 bayan rasuwarsa.

Tushen maganar kuwa rabon kuɗin wasa ne. A 1654, masana lissafi Blaise Pascal da Pierre de Fermat na Faransa suka yi ta musayar wasiƙu kan wasan da aka katse. Mutum biyu, kowa ya zuba tsaba 32, wanda ya fara cin zagaye uku ya kwashe 64. An tashi ɗaya na da ci biyu, ɗayan na da ɗaya. Yaya za a raba? Pascal ya ce a dubi zagayen da ba a buga ba. In mai ci biyu ya ci, 64 nasa ne. In ya faɗi, sun yi kunnen doki, kowa 32. Ke nan 32 tasa ce ko ta halin ƙaƙa, ragowar 32 kuma a raba biyu. Shi 48, abokinsa 16.

Da wannan lissafi gidajen caca ke rayuwa. Faifan rulet na Turai, wanda ake juyawa a jefa ƙaramar ƙwallo a ciki, ramuka 37 ne, amma wanda ya canki ramin da ƙwallon ta faɗa ninki 35 kawai ake ba shi a kan kuɗinsa. Duk 100 da aka zuba, a matsakaici wajen 2.7 ta tafi. Cacar ƙwallo da ta shiga wayoyin matasanmu haka aka gina ta, an riga an cire rabon kamfani tun kafin a busa usur. Abin yana damuna, domin labarin wanda ya ci ne ke yawo a unguwa, na waɗanda suka biya masa kuwa ba mai bayarwa.

Sai dai ƙimar tsammani ba ta faɗin girman haɗari. A ce an ba manomi zaɓi: buhu 20 tabbas, ko kuma rabi da rabi tsakanin buhu 40 da hannu wofi. Ƙimar duka biyun 20 ce. Mai iyali da rumbu ɗaya zai ɗauki na farko, kuma yana da gaskiya, tunda shi damina ɗaya yake da ita a gabansa, ba dubu ba.