Hukuncin masu sasanci ba shawara ba ce

An daɗe ana ɗauka cewa idan kamfanoni biyu suka kai rigimarsu gaban masu sasanci, wato waɗanda aka amince su yanke hukunci a wajen kotu, wanda ya sha kaye zai garzaya kotu a sake shari'ar daga farko. Kalmar "sasanci" ce ke ruɗar mutane, sai su zaci sulhu ne irin na a yi haƙuri.

A cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai, wato DIFC, abin ba haka yake ba. Dokar sasancinta ta 2008 ta ba mai ƙorafi wata 3 kacal ya nemi a soke hukunci, dalilan kuma ƙalilan ne, daga cikinsu akwai: ba a sanar da shi zaman ba, an hana shi kare kansa, masu sasancin sun wuce huruminsu, ko hukuncin ya saɓa wa tsarin ƙasa. Ɗan kwangilar da ya shigo da tulin rasitai yana cewa an yi kuskuren lissafi, alƙali ba zai ma buɗe su ba. Ni dai ina ganin daidai ne, ai da hannunsa ya sa hannu a yarjejeniyar zuwa sasancin.

Hukuncin ma yana tsallake iyaka. Ƙarƙashin Yarjejeniyar New York ta 1958 kan zartar da hukuncin sasanci a wasu ƙasashe, wadda Daular Larabawa ta shiga a 2006, ana iya bin dukiyar wanda ya sha kaye har Landan.