Tara Kalmomin Turanci da Fahimtar Karatu Ga Ɗaliban Ƙasar Sin Masu Shirin Jarrabawar Gaokao: Tambayoyi da Amsoshi

Wace jarrabawa ce Gaokao, kuma wane matsayi Turanci yake da shi a cikinta?

Gaokao ita ce jarrabawar shiga jami'a ta ƙasar Sin, wadda aka dawo da ita a shekarar 1977 bayan an dakatar da ita a zamanin juyin juya halin al'adu. A bisa al'ada ana fara ta ranar 7 ga watan Yuni, kuma a shekarar 2024 ɗalibai miliyan 13.42 ne suka yi rajistar rubuta ta. A yawancin larduna jimillar maki 750 ce, harshen waje kuma yana da maki 150, daidai da Sinanci da lissafi, kuma Turanci ne mafi yawan ɗalibai suke zaɓa. A sabon tsarin takardar ƙasa, fahimtar karatu ce ta fi kowane sashe nauyi da maki 50, rubutu yana da 40, sauraro 30, sai amfani da kalmomi da nahawu 30, kuma cikin sa'o'i biyu ake son a kammala duka.

Kalmomi nawa ake buƙatar ɗalibi ya sani?

Adadin da ya fi yawo a bakin ɗalibai da malamansu shi ne 3,500, wanda ya samo asali daga tsohon tsarin jarrabawar, amma manhajar karatun sakandare ta 2017 ta lissafa kalmomi kimanin 3,000. Wanda ya shiga jami'a zai tarar da jarrabawar Turanci ta ɗaliban jami'a mai suna CET-4 tana jiransa da kalmomi wajen 4,500. Sai dai adadin ba ya faɗin gaskiyar lamarin gaba ɗaya. Binciken Paul Nation, masanin koyon harshe daga ƙasar New Zealand, ya nuna cewa mai karatu yana buƙatar sanin kimanin kashi 98 cikin 100 na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba, kuma jarida ko littafin labari na Turanci yana neman sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Shi ya sa masu shirya jarrabawar suke sauƙaƙa rubuce-rubucen da suka ɗauko daga jaridu da mujallun waje, su kuma sa ma'anar wasu baƙin kalmomi da Sinanci, sauran kuwa ɗalibi ne zai gano su daga abin da ke kewaye da su.

Me ya sa kalmomin Turanci suka fi yi wa mai jin Sinanci wuya?

Bafaranshe da ya zauna koyon Turanci yana tarar da dubban kalmomi da suka yi kama da na harshensa, domin harsunan biyu sun sha daga Latin. Basine ba shi da wannan gata: kusan kowace kalma baƙuwa ce a idonsa da kunnensa. Bayan haka, Sinanci yana gina yawancin kalmominsa ta hanyar haɗa gaɓoɓi masu ma'ana, ta yadda wanda ya san "haƙori" ya kuma san "likita" ya riga ya san sunan likitan haƙori, kamar dai yadda yake a Hausa. A Turanci kuwa babu abin da ya haɗa "tooth" da "dentist" a ido, sai ɗalibi ya koyi kowacce daban. Wannan ne dalilin da ya sa koyon saiwoyin Latin da Girkanci, da ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya irin su "re-" da "-less" da "-tion", yake da amfani sosai ga waɗannan ɗalibai, domin yana dawo musu da hanyar da suka saba da ita ta warware kalma gaɓa-gaɓa. Akwai kuma matsalar cewa aikatau a Sinanci ba ya sauya siffa don nuna lokaci, saboda haka ɗalibi yana iya wuce "had left" bai lura cewa an koma baya cikin labarin ba.

Shin haddace jerin kalmomi yana da amfani?

Yana da amfani, kuma bai kamata a raina shi ba, domin ba a taɓa karanta rubutu da kalmomin da ba a sani ba. Inda ake samun asara shi ne yadda ake haddar. Yawancin littattafan kalmomi an jera su ne daga A zuwa Z, kuma sananne ne a tsakanin ɗaliban Sin cewa "abandon", wadda take zuwa a shafin farko, ita ce kalmar da kowa ya fi sani, saboda ana fara littafin sau da yawa ba a kai ƙarshensa. Mafi muni shi ne ɗaure kowace kalma da ma'ana guda ta Sinanci. Ɗalibin da ya haddace "address" a matsayin adireshi zai tsaya cak idan ya ga an ce gwamnati za ta "address the problem", alhali a lissafinsa ya riga ya san kalmar. Irin wannan sani yana cika littafin ƙidaya, amma ba ya kawo maki.

Hanyar da ta fi inganci tana da sharuɗɗa uku. A fara da kalmomin da suka fi yawan fitowa, ba da waɗanda haruffa suka sa gaba ba. A koyi kalma tare da jimlar da ta zo a ciki da abokan tafiyarta, kamar "make a decision" ko "depend on", tare da furucinta, domin kalmar da ɗalibi bai taɓa ji ba ba za ta taimake shi a sashen sauraro ba, kuma Sinawa da kansu suna kiran irin wannan ilimi "Turancin bebaye". Sannan a riƙa bita a tazarar da take ƙaruwa, bayan kwana ɗaya, bayan kwana uku, bayan mako, domin tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo. Mahaddatan Alƙur'ani a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa tilawar baya ce take riƙe hadda, ba yawan ƙarin sabon allo ba. Manhajojin waya irin su Baicizhan da Shanbay suna tsara wa ɗalibi lokutan bitar, sai dai zaɓar amsa cikin hotuna huɗu, kamar yadda ake yi a Baicizhan, ya fi tuno ma'ana daga ka sauƙi, don haka ya kamata ɗalibi ya riƙa rufe amsar yana gwada kansa.

Me ke sa ɗalibi ya san duk kalmomin jimla amma ya kasa fahimtarta?

Galibi ginin jimla ne. A Sinanci duk bayanin da ke siffanta suna yana zuwa ne kafin sunan, a Turanci kuwa dogon bayani yana bin bayan suna da "which" ko "who" ko "that", wani lokaci bayani cikin bayani, har aikatau ya yi nisa da mai aikin. Bahaushe ba ya shan wannan wahala sosai, tun da "wanda" da "wadda" a bayan suna suke zuwa. Maganin shi ne ɗalibi ya saba da nemo mai aiki da babban aikatau tukuna, ya ajiye sauran gefe, sannan ya dawo ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya. Jimla biyu ko uku masu tsawo a kowace rana, idan an warware su da kyau, sun fi shafi goma da aka bi a guje. Haka kuma ya kula da kalmomin haɗi irin su "however" da "therefore" da abin da "it" ko "they" suke nufi, domin a kansu aka gina sashen da ake cire jimloli biyar daga rubutu a ce a mayar da su daga cikin zaɓi bakwai.

Wane irin karatu ya kamata ya yi ban da tsofaffin takardun jarrabawa?

A shekarar ƙarshe ta sakandare makarantu da yawa suna bin dabarar da ake kira "tekun tambayoyi", wato amsa takarda bayan takarda. Wannan yana koyar da sarrafa lokaci da gane tarkon masu tambaya, amma a ganina ba ya gina harshe, domin ɗalibin yana neman amsa ne, ba labarin yake bi ba. Abin da ke gina harshe shi ne karatu mai yawa kuma mai sauƙi: littattafan labari da aka sauƙaƙa mataki-mataki, ko jaridar ɗalibai ta 21st Century da kamfanin China Daily yake bugawa. Idan baƙin kalmomi a shafi sun yi yawan da sai an riƙa duba ƙamus a kowane layi, littafin ya fi ƙarfinsa, ya sauka mataki ɗaya. Minti 20 a kullum tun daga ajin farko na babbar sakandare zai sa ya haɗu da kalma ɗaya a wurare daban-daban har ma'anoninta su zauna.

Yaya wannan karatu yake shafar sashen rubutu?

Tun 2016 lardin Zhejiang ya shigo da wani nau'in tambaya da daga baya ya bazu zuwa sabuwar takardar ƙasa, inda ake ba ɗalibi labari da ba a ƙarasa ba, tare da jimlar farko ta sakin layi biyu, a ce ya ƙarasa shi da kalmomi kimanin 150, kuma maki 25 ne a kai. Wanda bai fahimci halin mutanen labarin da inda aka dosa ba zai rubuta abin da bai dace da farkon ba, ko da nahawunsa ya yi daidai. Wanda kuma ya tara kalmomi daga jeri kawai zai rasa aikatau na motsi da na yanayin zuciya da labari yake buƙata, irin su rawar murya da jan numfashi da sunkuyar da kai, waɗanda a cikin labarai ake tsintar su.