Ruwan gishiri da sukari: yadda ake auna shi da ruwan leda

Iyaye mata da yawa a unguwannin Nima da Mamobi na Accra sun haddace ma'aunin ruwan gishiri da sukari da ake bai wa yaro mai gudawa: lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri. Inda ake samun tangarɗa shi ne, ruwan ledan da muke saye a Accra mililita 500 ne, wato rabin lita, kuma galibi leda ɗaya uwa take ɓarkewa.

Idan ruwa ya koma rabi, wajibi ne kowane abin haɗi ya koma rabi. Na sukari ba ya ba kowa wahala, domin rabin 6 shi ne 3. Gishirin ne ke rikita mutane, saboda tun asali rabi ne, rabin rabi kuwa kwata ne. A zagayen da muke yi gida-gida na sha tarar da uwa ta rage sukari daidai amma ta bar gishiri a rabin cokali, ba tare da ta lura cewa ta ninka ƙarfinsa ba. Gishirin da ya yi yawa yana janye ruwa daga ƙwayoyin jikin yaro, har yakan kai shi ga jijjiga, sukari mai yawa kuma ƙara gudawar yake yi.

Domin a fitar da kwata, a zuba cokali ɗaya a shafe a faranti, a raba shi gida 4 da wuƙa, a ɗauki kashi ɗaya. Babbar gora mai lita ɗaya da rabi leda 3 ce, saboda haka tana ɗaukar sukari cokali 9 da gishiri kwata 3. Ni dai na fi son uwa ta ɓarke leda 2 ta huta da lissafi, musamman cikin dare yaro yana kuka. Ta ɗanɗana kafin ta ba shi. Kada ya fi hawaye gishiri.

Garin ORS na asibiti, wato haɗin gishiri da sukari da aka riga aka auna a takarda, ya fi haɗin gida, kuma shi ba a raba shi: a juye duka cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikin takardarsa. Abin da ya wuce awa 24 a zubar. Idan yaro ya kasa sha, ko idanunsa suka faɗa, ko aka ga jini a bayan gidansa, a garzaya da shi asibiti ana ba shi ruwan kaɗan-kaɗan a hanya idan yana iya sha.