Tebur Uku a Kan Takarda Ɗaya: Waiwaye Kan Ma'aikatan da Ke Raba Tallafin Binciken Lafiya a Amurka

Duk mai binciken da ya taɓa neman tallafi daga NIH, wato hukumar cibiyoyin binciken lafiya ta gwamnatin Amurka, ya san cewa takardarsa takan bi ta hannun jami'ai uku. Akwai jami'in tantancewa, mai tara masanan da za su karanta takardar su ba ta maki. Akwai jami'in shiri, mai lura da fannin ilimin da takardar ta faɗo ciki, wanda kuma shi ne za ka buga wa waya idan sakamako ya fito. Sai jami'in kula da kuɗin tallafi, wanda in bai sa hannu ba ko dala ɗaya ba za ta fita ba. Ba ka jin sunayensu ranar da ake raba lambar Nobel, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na kasafin hukumar, wanda ya kai kusan dala biliyan 47 a shekarun baya-bayan nan, ta teburinsu yake bi kafin ya isa jami'o'i da asibitoci fiye da 2,500. Abin da ya fi jan hankalina shi ne ba wanda ya zauna rana ɗaya ya zana wannan tsari. Kowane tebur buƙata ce ta kawo shi, wani kuma kuskure ne mai zafi ya haife shi.

Asalin hukumar ba raba kuɗi ba ne. A 1887 wani matashin likita, Joseph Kinyoun, ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje guda ɗaya a asibitin ma'aikatan jiragen ruwa da ke tsibirin Staten a New York, yana bin sawun ƙwayar cutar kwalara. A 1930 aka ba wurin sunan da ya zama NIH, a 1940 kuma Shugaba Roosevelt ya ƙaddamar da harabarta a Bethesda, jihar Maryland. Duk tsawon wannan lokaci ma'aikatanta su ke yin binciken da hannunsu, galibinsu likitocin Hukumar Lafiyar Jama'a ne masu kaki da muƙami irin na sojan ruwa. Cibiyar binciken sankara da aka kafa a 1937 ta fara ba da ɗan tallafi ga 'yan waje, amma bai taka kara ya karya ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. A lokacin yaƙin gwamnati ta ba jami'o'i kwangilolin bincike a kan zazzaɓin cizon sauro, ƙarin jini da fenisilin, a ƙarƙashin ofishin da Vannevar Bush ya jagoranta. Da aka zo rufe ofishin, shugaban NIH na wancan lokaci, Rolla Dyer, ya karɓi kwangilolin da ba a kammala ba, yana dogaro da dokar 1944 da ta ba hukumar ikon ba da tallafi. A farkon 1946 ya buɗe ƙaramin ofishi ya ɗora Cassius Van Slyke a kai. Van Slyke likita ne daga sashen yaƙi da cututtukan da ake ɗauka ta jima'i, yana farfaɗowa daga bugun zuciya, an kuma zaɓa masa aikin ne da tunanin ba shi da nauyi. Mataimakinsa, Ernest Allen, ba likita ba ne, ba kuma masanin kimiyya ba: malamin harshen Faransanci ne daga jihar Jojiya, wanda ya shigo aikin lafiya ta ƙofar gudanarwa. Ina son in tsaya a kan wannan, domin tun ranar farko ofishin ya tashi da ƙafa biyu, ɗaya ta likita ɗaya ta mai iya tafiyar da ofis, kuma haka ya ci gaba har yau.

Farashin fenisilin ya faɗi, sai aka sami rarar kuɗi a kwangilolin. Mutanen biyu suka rubuta wa shugabannin makarantun koyon likitanci gajeriyar wasiƙa cewa akwai ɗan abin da ya rage, duk mai buƙata ya yi magana. Takardu suka yi ta kwararowa har suka fi ƙarfin mutum biyu. Dabarar da suka yi ita ce ta zama ginshiƙin komai: su kira masanan jami'o'i su zauna kwamiti-kwamiti, kowane kwamiti da fanninsa, su auna takardun 'yan'uwansu, sannan majalisar ba da shawara ta sake dubawa. Kafin ƙarshen 1946 kwamitocin sun kai 21. Kowane kwamiti aka ba shi sakatare daga cikin ma'aikatan gwamnati, ya tara takardu, ya kira taro, ya rubuta abin da aka ce. Wannan sakataren shi ne kakan jami'in tantancewa na yau. Aƙidar Van Slyke a fili take, ya kuma rubuta ta a mujallar Science a watan Disamba na shekarar: a nemo mai bincike nagari, a ba shi kuɗi, a sakar masa mara.

Aƙida ce mai kyau, kuma ta haifi alheri mai yawa. Amma ba zan tsallake abin da ta ɓoye ba. Kwamitin farko da aka kafa na cutar tunjere ne, kuma shi ne ya amince da tallafin binciken da aka yi a ƙasar Gwatemala daga 1946 zuwa 1948, inda aka sanya wa mutum fiye da 1,300 ƙwayoyin tunjere da ciwon sanyi da wata cutar da gangan, fursunoni da sojoji da masu taɓin hankali da mata masu zaman kansu, ba tare da yardarsu ba. Sai a 2010 masaniyar tarihi Susan Reverby ta bayyana wa duniya takardun da ta tono, Shugaba Obama ya nemi gafarar ƙasar. Manyan masana ne suka zauna a wannan kwamiti, sun san juna, sun yarda da juna, kuma ba kowa a ɗakin da aikinsa shi ne ya tambaya ko mutanen da za a yi gwajin a kansu sun sani. Wannan tambayar ba ta zama wajibi ba sai daga baya: umarnin 1966 da ya tilasta wa kowace jami'a ta kafa kwamitin duba binciken da ya shafi ɗan'adam, sai dokar 1974 da ta biyo bayan fallasar binciken Tuskegee a 1972, inda aka bar baƙaƙen fata masu tunjere shekaru da dama ba magani. Yau idan jami'in shiri ya riƙe tallafi saboda bayanin kare masu shiga gwaji bai gamsar ba, mai bincike kan ji haushi. Ni kam in na tuna Gwatemala, sai in ga jinkirin nan ya yi arha.

Teburin kuɗi kuma rigima da Majalisar Dokoki ce ta ƙarfafa shi. A zamanin James Shannon, wanda ya shugabanci hukumar daga 1955 zuwa 1968, kasafi ya tashi daga ƙasa da dala miliyan 100 ya haura biliyan 1. A farkon shekarun 1960 ɗan majalisa L. H. Fountain na Karolina ta Arewa ya sa kwamitinsa ya binciki yadda ake kashe kuɗin, ya kuma zargi hukumar da sakaci wajen bin diddigi. Shannon ya kare tsohuwar aƙida, cewa zaɓen mutumin kirki shi ne babban abin lura, amma majalisa ba ta gamsu ba. Aka fitar da littafin ƙa'idojin tallafi, aka ƙara wa masu kula da kuɗi iko. Mutanen wannan tebur yawanci ba daga ɗakin gwaje-gwaje suke fitowa ba. Sun karanta aikin akanta, kasuwanci ko gudanar da mulki, wasunsu kuma sun fara ne a ofishin tallafi na wata jami'a kafin su tsallako ɓangaren gwamnati. Su ke duba ko albashin da aka rubuta ya wuce iyakar da doka ta sa, ko an halatta sayen na'urar da ake so, ko za a iya ɗaga ragowar kuɗin bana zuwa baɗi. Sabon mai bincike yakan ruɗe a nan: jami'in shiri zai iya ce masa alamu suna da kyau, amma wannan ba alkawari ba ne. Takardar sanarwar tallafi mai sa hannun jami'in kuɗi ita kaɗai ce maganar gwamnati.

Me ya sa aka raba tantancewa da shiri, bayan dukkansu masana kimiyya ne? Saboda ba a ba kura ajiyar nama. Jami'in shiri yana son fanninsa ya bunƙasa, ya san masu binciken da sunansu, wataƙila shi ya ba su shawara kafin su rubuta takardar. Irin wannan mutum bai kamata ya zaɓi alƙalai ba. Jami'in tantancewa kuma ba ruwansa da wa zai sami kuɗi. Damuwarsa a yi adalci a ɗaki. Dokar 1972 ta kwamitocin ba gwamnati shawara ta ƙara masa nauyi, domin ba a zaman kwamiti sai da jami'in gwamnati da aka naɗa a wurin. Sunan muƙamin ya sauya sau biyu, daga sakatare zuwa mai gudanarwa zuwa jami'i, sashen da ya fi ɗaukarsu kuma aka sake masa suna a 1997 ya zama CSR, wato cibiyar tantance takardun neman tallafi.

Ga yadda zaman yake. Masana ashirin ko talatin sun kewaye dogon tebur, a da a ɗakin taron otal, yanzu sau da yawa ta allon kwamfuta. Makonni kafin nan jami'in tantancewa ya karanta takardu masu yawa, ya raba wa kowace akalla masu karatu uku, ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya don gano wa ya taɓa aiki da wa. Idan kai ɗan kwamiti ne, aka kuma zo kan takardar wani daga jami'arku, sai ka tashi ka fita, ba ka dawowa sai an kira ka. Kusan rabin takardun ko fiye ba a ma tattauna su, makin farko ya riga ya ajiye su a ƙasa. Waɗanda aka tattauna, kowa ya ba da maki a asirce daga 1 zuwa 9, inda 1 ce ta fi kyau, tsarin da aka fara a 2009. A bayan ɗaki jami'in shiri yana zaune da alƙalami, yana sauraro, ba ya tsoma baki sai an tambaye shi. Wannan shirun yana da amfani. Bayan makonni, idan mai binciken da bai yi nasara ba ya kira shi rai a ɓace, shi ne zai iya ce masa, abin da ya dami kwamitin ba shi ne wanda ya fi tsawo a rubuce ba, gyara manufarka ta biyu ka sake turowa. Da yake takardu kaɗan ne ke samun kuɗi, irin wannan waya ita ce rabin aikinsa.

Daga ina suke fitowa? Mafi yawansu suna da digirin digirgir a kimiyyar halittu, wasu likitoci ne, na mutane ko na dabbobi, wasu masana ƙididdiga ko halayyar ɗan'adam. Sun yi shekarun horo bayan digiri. Da yawa sun riƙe ɗakin gwaje-gwaje nasu a jami'a, sun nemi R01, babban tallafin da NIH ke ba mai bincike don aikinsa, sun samu, sun kuma nema sun rasa. Wasu sun zo daga kamfanonin magunguna, wasu daga ɗakunan binciken hukumar kanta. Tun farkon shekarun 1960 NIH ta gane cewa iya bincike daban, iya gudanar da tallafi daban, ta buɗe shirin horo na shekara guda don mai da masana jami'ai. Ta kuma zaɓi ma'aikatan dindindin, saɓanin takwararta NSF, gidauniyar kimiyya ta gwamnatin Amurka, wadda takan aro malaman jami'a na 'yan shekaru su koma. Kowace hanya da aibinta. Wanda ya daɗe da barin gwaji hannunsa yakan yi sanyi, amma shi ne ke tuna cewa an gwada wata dabara shekaru goma sha biyar da suka wuce, ya kuma san dalilin da ta mutu.

A jami'o'i akwai masu kallon wanda ya koma wannan aiki kamar ya gaza ne. Rayuwar Ruth Kirschstein ta ishe su amsa. Likitar nazarin cututtuka ce da ta yi aikin tabbatar da ingancin rigakafin shan inna, sannan a 1974 ta zama mace ta farko da ta shugabanci wata cibiya a NIH, cibiyar da kusan duk aikinta ba da tallafi ne da horar da matasa. Ta riƙe ta har 1993, ta kuma riƙe hukumar gaba ɗaya a matsayin muƙaddashiya har sau biyu. Babban tallafin horon matasan masu bincike sunanta yake ɗauke da shi yanzu.

Aikin ya ci gaba da ƙaruwa ba tare da an rage wani ba. Dokar 1993 ta wajabta shigar da mata da tsirarun ƙabilu cikin gwaje-gwajen asibiti, sai ƙidayar su ta hau teburin jami'in shiri. Daga 1998 zuwa 2003 kasafi ya ninka zuwa kusan dala biliyan 27, masu nema suka ƙaru, sannan kuɗin ya tsaya cak, gasa ta yi tsanani. A 2007 takardun R01 suka koma ta intanet, aka daina jibge kwalaye. A 2011 binciken da Donna Ginther ta jagoranta ya nuna baƙaƙen fata na samun R01 ƙasa da fararen fata da tazarar kusan kashi 10 cikin 100, ko bayan an yi la'akari da karatu da gogewa, lamarin da ya sa jami'an tantancewa suka sake duba yadda suke zaɓen masu zama a kwamiti.

Shekarar 2025 ta girgiza teburan uku a lokaci guda. A watan Maris aka sanar da tattara duk tantancewar matakin farko a CSR, aka kuma sanar da rage ma'aikatan NIH kusan 1,200. An soke tallafi masu yawa da tuni suka wuce kwamiti, kuma jami'an da suka yi shekaru suna kula da su ne aka bar wa isar da labarin. A watan Yuni ɗaruruwan ma'aikata suka sa hannu a wasiƙar ƙorafi ga sabon shugaban hukumar, Jay Bhattacharya, wasu da sunansu a fili, abin da ma'aikacin gwamnati ba ya yi sai tura ta kai bango. A watan Agusta kuma umarnin Shugaba Trump ya ce wani babban jami'in da gwamnati mai ci ta naɗa zai riƙa duba tallafi kafin a bayar. Masu goyon baya na cewa kuɗin jama'a ne, dole zaɓaɓɓu su sa ido, kuma Fountain ma hakan ya faɗa. Sai dai abin da Fountain ya nema shi ne a nuna masa rasiɗi. Bai nemi ya zaɓi wace tambaya masana za su bincika ba. Sabon tebur na huɗu kuwa wannan zaɓin ne a hannunsa, kuma mai zama a kansa ba sai ya taɓa karanta takardar neman tallafi ko ɗaya ba kafin a naɗa shi.