Rigakafi ba kati ba ne

Tun da Disamba ta doso kalmar nan ta hana kunnena sakat. A nan Legas, a Agege, a Idi-Araba, a rukunin WhatsApp na 'yan kasuwar Mile 12, mai kai iyali hutu Accra da mai shirin Zanzibar duk tambayarsu ɗaya: "Ka yi rigakafi?" In ka kasa kunne sai ka gane ba allura ake nufi ba. Ɗan katin nan mai ruwan ɗorawa ake nufi, yalo kad, takardar shaidar allurar zazzaɓin shawara da ake tambayar matafiya.

Ran Asabar ina zaune a shagon wani mai yankar tikiti, wani dattijo ya shigo, jirginsa Talata zai tashi. Yaron shago ya ce, "Alhaji, kawo fasfo, rigakafin gobe zai fito." Zai fito! Sai ka ce hoto aka kai wanki. Alhaji ya miƙa fasfo ya fita, ko hannun riga bai naɗe ba.

Wasu na zaton rigar da ke cikin kalmar ta sawa ce, wai a lulluɓe jiki kada cuta ta shiga. A'a. Riga ce irin ta "ya riga ni zuwa". Kafi kuwa shi ne shingen itatuwa da mutanen da suke kafawa su kewaye ƙauye saboda mahara, shi ya sa har yau muke da Kafin Hausa a Jigawa da Kafin Madaki a Bauchi. Da sunan ake kiran abin da ake binnewa a kusurwar gida don tsari, kafin gida, kafin gari. Riga, kafi: ka riga masifa kafa shinge. Duk nauyin kalmar yana kan lokaci ne. Wanda ya fara sarar itace bayan mahara sun kora shanu, aikin da yake yi yana da suna, amma ba wannan ba. Shi ya sa nake jin haushi in kwalara ta gama kwantar da unguwa, sannan wani babba ya fito a rediyo yana cewa an ɗauki matakan rigakafi. Malam, wannan jinya ce.

Allurar zazzaɓin shawara ma haka take da lokaci. Jiki na bukatar kwana 10 kafin garkuwa ta kafu, don haka a ƙa'idar duniya katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da allura. Ko da Alhaji ya je an tsira masa ita Lahadi, ran Talata shingensa bai tsaya ba. Amma in ta kafu, ta kafu ke nan: tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta soke sabuntawar da ake yi duk shekara 10, allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai.

Abin da ya fi ba ni takaici, allurar da ake gudu tana da tarihi a garin nan. A Yaba masu binciken gidauniyar Rockefeller suka kafa sansani a 1925. A 1927 aka ɗebi jinin wani mutumin Gana mai suna Asibi, aka samo ƙwayar cutar a ciki. A shekarar ne zazzaɓin ya kashe ɗaya daga cikin likitocin, Adrian Stokes, a nan Legas. Wani mai bincike, Max Theiler, ya yi ta raunana ƙwayar Asibi har ya fitar da allurar a 1937, kuma ita ake yi har yau. A cikin ƙwan kaza ake rainonta, shi ya sa ake tambayar ko ƙwai na tayar maka da borin jini. Mai ciki, da jariri ƙasa da wata 9, da wanda ya haura shekara 60, sai likita ya duba tukuna.

Sai masu haɗa ta da maleriya. Sauron shawara daban ne, da rana ya fi cizo, kuma allurarsa ba ta tare zazzaɓin cizon sauro. Allurar maleriya da aka fara a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024 ta yara ce, ba ta matafiya ba. Mai zuwa Zanzibar gidan sauro da man shafawa ne nasa, sai ƙwayoyi in likita ya rubuta.

Katin gaskiya ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ne ke bayarwa, suna da ofis a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, kuma tun 2019 aka koma mai lamba da ake dubawa a kwamfuta. Na faɗa wa yaron shagon haka. Ya ce, "Yallaɓai, ai a filin jirgin Accra kati suke tambaya, ba su taɓa cewa a nuna dantse ba."