Majalisar Birnin Yamai

Majalisar Birnin Yamai ita ce majalisar zaɓaɓɓun wakilai da dokar Jamhuriyar Nijar ta ɗora wa tafiyar da harkokin babban birnin ƙasar, kamar kasafin kuɗi, tsabtar gari, kasuwanni da tashoshin mota, yanka filaye, da rajistar haihuwa da aure da mutuwa. Tsarinta ya samo asali daga dokokin da aka sa wa hannu ranar 17 ga Satumba 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Janar Salou Djibo. Doka mai lamba 2010-54 ita ce kundin ƙananan hukumomi baki ɗaya. Masu lamba 2010-55 da 2010-56 kuwa su suka ba Yamai da Maraɗi da Tawa da Damagaram matsayin birane na musamman. An rusa majalisar a watan Afrilu 2024, don haka bayanin da ke tafe na yadda take aiki ne kafin rusawar.

Birni da gundumominsa

An kasa Yamai gunduma 5. Huɗu suna hagun kogin Kwara, ta biyar tana ƙetare, wajen Harobanda. Damagaram ma tana da 5, Maraɗi 3, Tawa 2. A tsarin 2010, kowace gunduma tana da ƙaramar majalisa da magajin garinta, kuma can talaka yake zuwa neman takardar haihuwa ko a buga masa hatimi. Sai dai gunduma ba ta tsaya da ƙafarta a gaban doka ba, reshen birni ce. Ba ta da dukiyar kanta, kuɗin aikinta daga kasafin birni yake fitowa. Kafin 2010 ba haka abin yake ba, domin kowace gunduma hukuma ce mai cin gashin kanta. Wannan canji shi ne tushen yawan tsamin dangantaka tsakanin magadan garin gundumomi da babban magajin gari: kukan jama'a a ƙofar na gunduma ake yinsa, lalitar kuwa tana tsakiya.

Mambobi

Kafin a rusa ta a 2024, majalisar birnin tana da zaɓaɓɓun mashawarta 45, waɗanda aka fi kira kansiloli. Jama'a ke zaɓensu ta jerin sunayen da jam'iyyu suka gabatar, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowane jeri ya samu, wa'adinsu kuma shekara 5 ne. Tun gyaran dokar kason jinsi a 2019, tilas mata ko maza kada su gaza kashi 25 cikin 100 na zaɓaɓɓu. Zaɓen ƙananan hukumomi na 2011 da na 13 ga Disamba 2020 a ƙarƙashin wannan tsari na birane aka yi su.

Bayan zaɓaɓɓu akwai masu zama saboda muƙaminsu, wato ƴan majalisar dokoki da wakilan sarakunan gargajiya. Suna da bakin magana, ba su da ƙuri'a. Kasancewarsu na da amfani ƙwarai a maganar ƙasa, don basarake ya fi kowa sanin gonar wane gida birni ya cinye.

Kansila ba ma'aikaci ba ne, ba ya cin albashi, sai kuɗin zama da na sufuri. A zaman farko kansiloli ke zaɓen shugaban majalisa daga cikinsu ta ƙuri'ar asiri, tare da mataimakansa. Shi ne babban magajin gari. Shi ke kiran zama, ya jagorance shi, ya zartar da abin da aka yanke, ya wakilci birni a gaban kotu.

Zama da shawara

Majalisa na zama sau 4 a shekara, kowane wata uku, ana kuma iya kiran zaman gaggawa. Takardar gayyata kan zo da jerin batutuwan da za a duba. Idan ba a samu adadin mahalarta da doka ta tanada ba, sai a ɗage a sake kira. Zama a buɗe yake ga jama'a sai in majalisa ta yanke a rufe ƙofa, ko da yake mutane kaɗan ne suka san suna da wannan dama. Abin da aka amince da shi ana rubuta shi a matsayin ƙuduri, a aika wa gwamnan jihar Yamai, wanda ke wakiltar gwamnati, ya duba ko ya dace da doka. Hurumin gwamna duba halaccin ƙuduri ne, zaɓin aikin da za a yi na majalisa ne.

Kwamitoci

A kwamiti ake yin ainihin aikin, domin mutum 45 ba za su iya bin kasafin kuɗi layi-layi cikin ƴan kwanaki ba. Majalisa ce ke kafa kwamitocinta daga cikin mambobinta, kowane da shugaba da mai rubuta rahoto. Galibi akan samu na kuɗi, na tattalin arziki da raya gari, na filaye da tsarin birni, da na jin daɗin jama'a, wanda ke duba makarantu da asibitocin unguwa da al'adu da wasanni. Kwamiti ba ya yanke hukunci. Yana nazari, ya kira daraktan da abin ya shafa ya yi bayani, ya kawo rahoto zauren majalisa.

Kwamitin kuɗi ya fi sauran nauyi. Shi ke kwatanta abin da aka yi hasashen samu da abin da ya shiga asusu a bara: harajin gari, kuɗin rumfunan kasuwa, na tashoshi, na allunan talla, da kason da baitulmalin ƙasa ke maido wa birni. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne kumbura hasashen kuɗin shiga don kasafi ya daidaita a takarda, tunda doka ta hana kasafi mai giɓi. Shekara na yin nisa sai kuɗi ya gaza, albashi ya cinye abin da ya samu, yashe magudanan ruwa kafin damina ya sha kashi. A birnin da ke fama da ambaliya, kamar yadda aka gani a 2020, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Kwamitin filaye kuwa shi ya fi shan matsi, saboda fili a Yamai kuɗi ne a hannu. Duk inda aka yanka unguwa ba tare da ware hanya da makaranta da magudana ba, gyaran yakan fi yankan tsada. Wata matsala ta kowa da kowa ita ce takardu su iso wa kwamiti ana gobe zama, rahoto ya zama sa hannu kawai.

Ma'aikata

Kansiloli na zuwa suna tafiya, ma'aikata ke riƙe da ma'aikatar magajin gari. Babbansu shi ne magatakarda, mai haɗa ayyukan sassa, mai shirya takardun zama da ajiye ƙudurori. Ƙarƙashinsa akwai sassan kuɗi, gine-gine da hanyoyi, tsabta, filaye, rajistar jama'a, da ƴan sandan birni. Ga kuma masu karɓar haraji da ke yawo da rasit a kasuwanni irin su Katako da Wadata.

Ƙa'ida mafi muhimmanci a harkar kuɗi ita ce raba mai ba da umarni da mai riƙe kuɗi. Magajin gari ke ba da umarnin biya, amma ba ya taɓa kuɗin. Ma'ajin birni ke karɓa da biya, kuma wajibinsa ne ya ƙi biya idan babu gurbin abin a kasafi ko takardu ba su cika ba, don shi zai amsa a gaban kotun binciken kuɗin ƙasa. Ƙarshen shekara kowannensu ya fitar da lissafinsa, majalisa ta gwada su.

Majalisa da gwamnatin tsakiya

Doka ta ba kansiloli damar tsige magajin gari ta ƙuri'ar yanke ƙauna, ta kuma ba gwamnati ikon sauke shi ko rusa majalisa. A Yamai hanya ta biyun aka fi bi. Majalisar ministoci ta sauke Oumarou Dogari a 2013, ta sauke magajinsa Assane Seydou a 2017, daga nan aka miƙa birnin ga kwamitin riƙo ƙarƙashin Mouctar Mamoudou. Dogari ya dawo ta hanyar zaɓe a 2021. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun rusa majalisun birane da na gundumomi da na jihohi a watan Afrilu 2024, suka naɗa kantomomi. Aka ba Kanar Boubacar Soumana Garanké riƙon Yamai. A irin wannan yanayi aikin majalisa da na magajin gari kan haɗu a hannun kantoma, kwamitocin kansiloli su tsaya, magatakarda da ma'aji da sauran sassa su ci gaba da aiki a ƙarƙashinsa.